Laimar Mutum Nawa Ce?

Akwai kalmomin da in ka ɓare su sai ka iske tafiya a ciki. Laima na ɗaya daga cikinsu. Yau in ka aiki yaro a Gazawa ya ɗauko maka laima, ƴar ta kare ruwa zai kawo, wadda ake riƙewa a hannu. Amma asalin kalmar daga Larabci ne, al-khaima, ɗakin yadi ko na gashin dabba da matafiyi ke kafawa da yamma ya tuge da safe. Bahaushe ya haɗiye wasalin farko, ya bar "l" ɗin a manne, kamar yadda ya yi wa liman da labari da lissafi da Lahadi. Can baya Turawa suka zo da tasu, Faransa da Ingila kusan bakinsu ɗaya a nan, muka karɓa muka ce tanti. Rumfa da bukka kuwa namu ne tun kaka da kakanni.

Sunaye huɗu ke nan, amma babu wanda zai gaya maka mutum nawa abin ke ɗauka. Wannan ƴar tambaya ita ta hana gidanmu sakat kusan wata biyu. Ita na kawo muku a wannan fitowa ta ɗan littafinmu, don na san da yawa cikinmu mu ne ƴan lakwal na gidajenmu, waɗanda ake miƙa wa kwali a ce, "Karanta muna abin da anka rubuta."

Gidanmu ƴan Tijjaniyya ne, duk shekara ana zuwa Maulidi Kiyota, can cikin jihar Doso, garin Shehu Abubakar Hashimu, almajirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha kuma surukinsa. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ƙaddara ɗan gari ne da dubban mutane suka sauko masa lokaci guda, daga Nijar da maƙwabtanta. Gidajen garin ba za su ɗauke baƙin ba, don haka inda motarka ta tsaya nan ne gidanka har a watse. Wanda ba ya zuwa Maulidi ya sa bikin ƙauye ko zaman makoki ko taron wa'azi a gurbin, lissafin duk ɗaya ne.

Yayana direba ne, Hiace yake ja tsakanin Tasawa da Maraɗi, kuma mai motar kan ba mu hayarta kwana biyar. Mu tara muke tasowa daga Gazawa: Baba, Inna, Kaka mahaifiyar Baba, Yaya da matarsa da jaririnsu, ni, da ƙannena maza biyu. A Agye mu ɗauki Kawu. Mu ratsa Cadawa da Maraɗi da Tsibiri, a Gidan Rumji mu iske Gwaggo da ɗiyarta bakin kwalta da ƙullin kayansu. Goma sha biyu cif. Daga nan sai Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure, tafiyar fiye da kilomita 600.

Ina ƙarama, Maulidi cikin sanyi yake faɗowa, Janairu ko Fabrairu. Tabarma da bargo sun wadatar, sama ce rufinka. To amma shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kwana 10 ko 11, kowace shekara watan na ja da baya. A 2023 ƙarshen Satumba ya faɗo, a 2024 tsakiyarta, a 2025 farkonta. Nan gaba zai ratsa Agusta, watan da ruwa ya fi zuba a ƙasarmu, sannan Yuli, sannan Yuni. Ke nan shekara takwas ko fi masu zuwa, duk mai zuwa Kiyota da damina zai yi ta gamuwa.

Daminar 2024 ba sai an tuna wa kowa ba. Ita ce ta rusa gidaje a Maraɗi da kewaye, har gwamnati ta ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa da yawa cike suke da waɗanda ruwa ya kora. A tafiyarmu ta shekarar, hadari ya riske mu tsakar dare a inda muka yada zango. Muka dunguma cikin mota jiƙe sharkaf, muka zauna a takure har asuba. Mu yara abin dariya ya zame mana. Kaka kuwa da tari mai kama ƙirji ta dawo gida, ta yi mako uku kwance ana allurai. Da ta miƙe, Baba ya yanke hukunci cewa Kaka ta gama zuwa Kiyota.

Kaka ba ta yi gardama da shi ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ni ta kira ɗakinta.

"Kishiya, ki hwaɗa ma mai gidan nan, shekara talatin da wani abu ban hwashi zuwa ba. In mota ta ƙi ni, ƙahwata ba ta ƙi ni ba."

Na kai saƙo. Baba ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce sai fa in an samu wurin kwanan da ko ɗigo ba zai taɓa ta ba. Daga nan aka yi karo-karo. Baba ya sa, Kawu ya sa, Inna ta kawo kwasar adashenta, Kaka ta kwance bakin zaninta ta fiddo jika biyar ta ce ita ma a sa da ita. Gwaggo ta aiko da nata kason daga Gidan Rumji tare da sharaɗi, ta ce sai mun haɗu za ta faɗa.

Ni da Baba da Yaya muka tafi kasuwa Maraɗi. Tanti iri biyu muka tarar. Akwai sababbi na Sin da ke biyowa ta Kano da Katsina, su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Akwai kuma na bosho, wanda ƴan Najeriya ke kira gwanjo, tsofaffin kayan Turai da suka ƙara tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome. Wani mai shago ya jawo wata doguwar jaka ya ajiye gaban Baba.

"Alhaji, Allah ya kashe ya ba ka. Ku nawa ne? Sha biyu? To ga shi nan, na mutum sha biyu. Ƴar lakwal, karanta ma Alhaji."

Na karanta. Gaskiya ya faɗa, da Faransanci an rubuta tantin iyali, mutum 12. A ƙasan rubutun akwai ɗan zane: mutane sha biyu a jere, wannan kai gabas wancan kai yamma, kamar kifin gwangwani. Galibin masu ƙera tanti haka suke lissafi, kowane mutum faɗin kamar santimita 60, tsawon mita biyu. Kwatankwacin faɗin dardumar salla ke nan. Ba a sa jaka a lissafin ba, ba a sa buta ko kwanon abinci ba, ba a ma sa cewa mai barci na juyi ba. Baba ya karɓi kwalin ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana kallon zanen.

"Malam, wanga ai lissahin kushewa ne, ba na masu rai ba."

Mai shagon ya yi dariya har da buga cinya, mu kuwa muka dawo Gazawa hannu biyu, kuɗinmu a aljihu.

Inna ce ta kawo dabarar da ta fi duk abin da na karanta a waya. Da la'asar, bayan an share tsakar gida, ta ce in ɗauko kara da ma'aunin telan maƙwabtanmu. Na zana girman tantin nan a kan rairayi kamar yadda kwalin ya faɗa. Aka shimfiɗa tabarmi a ciki, ta tattaro duk wanda ke gida har da ƴaƴan maƙwabta don adadin ya cika, ta ce kowa ya kwanta yadda yake kwanciya a ɗakinsa. Kafin mutum na ƙarshe ya samu wuri, ƙafar ƙanena na waje da layi. Inna ta shigo da jakunkuna da kwandon kwanoni da jarkar ruwa, sai wurin mutum biyu ya tafi. Kaka ta ce ita takan tashi sau uku cikin dare, ta ina za ta bi ba ta taka cikin wani ba? Aka buɗe mata hanya, wurin wani ya sake tafiya. Jariri shi ma sai an bar masa fili kewaye da shi, kada mai nauyin barci ya danne shi. A ƙarshe tantin mutum sha biyu ya tashi na mutum bakwai ko takwas. Tun ranar na riƙe ƙa'ida guda: duk abin da takarda ta faɗa, cikin kowane mutum uku a cire ɗaya.

Da matsalar ta tsaya a faɗi, da sai mu nemi wanda ya fi shi girma. Akwai irinsu, masu ɗaki biyu ko uku a ciki, an raba da labule mai zif. Yaya shi ya fi son wannan. Ya ce kafawa ɗaya, tugewa ɗaya, maza gefe mata gefe, an gama. Baba bai ce a'a ba. Kowa ya ɗauka magana ta zauna.

Washegari muna daka ni da matar Yaya, sai ta tsaya da taɓarya a hannu, ba ta kalle ni ba ta ce, "Ni dai in hakanan za a yi, ku bar ni gida, in yi muku tsaron kaji."

Ban tambaye ta dalili ba, don duk wadda ta tashi a gidan Hausa ta san shi. Yarinyar da ba ta cin abinci gaban surukinta, ba ta faɗin sunansa, in ta hango shi a zaure sai ta durƙusa ta sunkuyar da kai, ita za a ce ta kwana uku tsakaninta da shi ƙyalle ɗaya? Ta ba ɗa nono, ta canza zani, ta yi minshari in ta gaji, duk yana ji? Labulen tanti ido kawai yake tarewa, shi ma da rana. Da dare in aka kunna fitila, inuwar mutum ce ke fitowa ɓaro-ɓaro a jikin yadin kamar majigi. Kuma ba ita kaɗai ba. Kawu ƙanen Inna ne, Kaka surukar yayarsa ce, shi ma ba zai miƙe ƙafa ya yi barci yana jin tarin tsohuwa kusa da kansa ba. Baba kansa na tabbata ya hango wannan tun a kasuwa, amma ba maganar da dattijo zai buɗe baki ya faɗa ba ce.

Na gaya wa Inna. Da dare, ana zaune ana shan iska, ta jefa maganar kamar ba komai. "Ni fa ina ganin gida biyu maganin gobara. In iska ta tuge ɗaya, sai a ruga ɗayan." Baba ya ce, "Haka ne." Yaya ya buɗe baki zai kawo zancen kuɗi, Inna ta kalle shi, ya rufe. Babu wanda ya ambaci kunya, babu wanda ya kalli matar Yaya, kuma ta fasa tsaron kaji.

A nan abin da muke koyo a aji ya zo mini da amfani. Kalmar da ke kan kwalin, wadda na fassara wa Baba da "iyali", fassarar ƙamus daidai ce, amma abin da ke cikin kan wanda ya rubuta ta daban ne. Shi miji da mata da ɗiya biyu ko uku yake gani, waɗanda ba su da abin ɓoye wa juna. Mu kuwa a ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya nuna mace kan haifi ɗiya fiye da bakwai, iyali taron ɗakuna ne. Ku dubi yadda muke amfani da kalmar ɗaki. In an ce mace tana ɗakinta, aure ake nufi. In ta yi yaji ta dawo, ta koma ɗakinta. Abin da iyayenta suka haɗa mata, kayan ɗaki. Waɗanda suka sha nono ɗaya, ƴan ɗaki ɗaya. Maƙwabtanmu Abzinawa, waɗanda suka fi mu sanin laima, sun kai abin ƙarshe. A Tamajak kalmar ehan tana nufin tanti, kuma in za a ce mutum ya yi aure sai a ce ya yi ehan. Tantin na mace ne, in aure ya mutu ta naɗe abinta ta tafi da shi. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna kwana a laima ba su taɓa ƙidaya ta da kawuna ba. Tambayar da ta dace a kasuwa ita ce ɗaki nawa ne za su yi tafiyar, wa ke jin nauyin wa.

Da muka koma Maraɗi karo na biyu, mun san abin da muke nema: tanti guda mai kyau na mata shida da jariri, maza biyar kuma a yi musu rumfa. Awon da muka yi a tsakar gida ya nuna mata na buƙatar mita 4 a tsaye, 3 a kwance, murabba'in mita 12, wanda a takarda ake kira na mutum takwas, wasu ma goma. Sauran sharuɗɗan kowa ya kawo nasa.

Na Inna tsayi ne. Akwai tantuna masu siffar ƙwarya a kife, da sanduna masu lanƙwasa. Suna jure iska kuma ba su da nauyi, amma bangonsu a karkace yake, gefe-gefen duk asara ne, a tsakiya kaɗai za ka zauna ba ka sunkuya ba. Inna ta ce in asuba ta yi ana ruwa, a ina za a yi salla? Ita ɗakin da ba a tsayuwa a cikinsa akurki ne. Sai muka koma kan masu miƙaƙƙen bango da sandunan ƙarfe, waɗanda tsakiyarsu ta ɗan haura mita biyu. Sun fi nauyi, sun fi kama iska, amma ana rayuwa a ciki.

Na matar Yaya sauro ne, ta bakina ya fito. Satumba ganiyar zazzaɓin cizon sauro ce, ga jariri. Dole tagogin su kasance da raga mai ƙananan ido, kuma a bango biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Tantin da ba ya numfashi, mutum bakwai a ciki, kafin tsakar dare ya koma tanda, numfashinku ya taru a rufi ya riƙa ɗigo muku ko ba a ruwa. Shi ya sa mai rufi biyu ya fi, na ciki mai shan iska, na waje mai tare ruwa, da ɗan tazara tsakaninsu.

Na Baba ruwa ne, tunda shi ne alkawarin da ya ɗauka. A jikin takardar akwai wata lamba da milimita. Ma'anarta, a ƙaddara an tsayar da bututu kan yadin ana zuba ruwa a ciki, tsayin da ruwan zai kai kafin ya fara ɓullowa ta ƙasa. Daga 1,500 ake cewa yadi na tare ruwa, mai 3,000 ya fi kwantar da hankali. Amma a kayan bosho lambar tarihi ce kawai, don abin da aka shafa wa yadin yana tsufa, ya yi danƙo ko ya riƙa ɓarewa kamar fatar maciji. Baba ya ce gani ya kori ji. Ya sa aka kafa tantin nan bayan shagon, tsakar rana. Na shiga aka rufe ni, na bi rufin da ido ina neman inda haske ke tsiyayowa. Na shafa cikin yadin, na shinshina ko akwai warin ruma. Na duba bayan kowane ɗinki ko siririyar ledar da aka like shi da ita tana nan. Yaya ya sayi ruwa jarka biyu wurin ɗan garuwa ya sheƙa daga sama, ni ina ciki ina jiran ɗigo. Na farko ya zuba ta kusurwa. Na biyu zif ɗinsa ya cije, sanda ɗaya kuma babu. Na uku ya tsallake, ga shimfiɗar ƙasansa ta tado gefe kamar kwano, ruwan da ke gudu a ƙasa ba zai shigo ba. Shi muka ɗauka, bayan cinikin da ya kai mu kiran la'asar.

Kawu manomi ne, da muka tsaya Agye ya zazzage ƴar jakar turakun a tafin hannunsa ya yi tsaki. Ya ce waɗannan tsinken tsire ne, an yi su don ƙasar Turai mai ciyawa da laka, a jigawa iskar farko za ta zare su. Ya kai mu wurin maƙeri aka yanka rodi kamu-kamu, aka lanƙwasa kawunan. Ya ce inda rairayi ya yi laushi sosai, a ɗaura igiyar jikin guntun icce a binne shi a kwance, ya fi kowane turke. Shi ya koya mana zaɓen wuri: kada a kafa a kwari komai kyan inuwarsa, kada a bi gawo don da damina ba shi da ganye sai ƙaya, a share ƙarangiya da tsidau kafin a shimfiɗa.

Rumfar maza ba ta ci kuɗi ba. Tamfol ne mai mita 4 da 5, a ɗaura gefe ɗaya a ƙarfen saman mota, ɗaya gefen a kan sanduna biyu, kowa ya rataya sangensa a ƙasa. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, ƙura a gaba ruwa a baya, don haka Yaya kan ajiye motar ta gabas ta zama bango. Ƙofar tantin mata ita ma yamma take kallo, kamar ɗakunan kakanninmu da ba sa ba gabas baki. Sai abin ya zo daidai da alƙibla, mai salla na fuskantar rufaffen bango, mai shiga da fita na bayanta.

Doka ɗaya Baba ya kafa da kansa: ba wuta a ciki. Ya yi aikin hajji, ya ga tantunan Mina da aka sake da yadin da ba ya kamawa bayan gobarar 1997, wadda ta ci mutum fiye da 300. Yadin tanti irin namu cikin ƙiftawar ido yake narkewa. Kuma ko bai kama ba, garwashin shayi a rufaffen wuri na fitar da wata iska marar wari da launi, mutum ya kwanta barci ya zarce. Ƙannena masu shayin dare sun yi gunaguni, aka tura su bayan mota.

Mun kafa shi sau uku a gida kafin tafiya, har ya zama ni da ƙannena muna tada shi kafin a dafa shayi zagaye ɗaya. A Kiyota dare na biyu hadari ya taso. Na farka na ji yadin na bugawa kamar ganga, igiyoyi na kuka. Na haska fitila gefen Kaka. Tana zaune busasshiya, carbi a hannu, ta ce, "Kashe wutar nan, kishiya, kina ɓata mini lissahi."

Sai a hanyar dawowa, mun kusa Gidan Rumji, Gwaggo ta faɗi sharaɗinta. Don ku gane shi sai na gaya muku abin da idonta ya gani. Tun 2019 ƴan bindiga suka riƙa koro mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubun dubata suka tsallako cikin jihar Maraɗi, mafi yawansu ƙasar Gidan Rumji. Yawancinsu mata ne da yara. Kafin wata ƙungiya ta iso, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne suka buɗe musu gidajensu, harshe ɗaya, galibi ma dangi ɗaya. Daga baya gwamnati da hukumar HCR suka riƙa matsar da su nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Dangin mijin Gwaggo na cikin waɗanda suka sauki baƙi, ita ma ta sha kai musu tsaki da tsofaffin zannuwa.

Masu aikin agaji su ma suna da nasu lissafin. Ƙa'idar da suke bi, wadda ake kira Sphere, ta ce kowane mutum a ba shi aƙalla murabba'in mita 3 da rabi na rufaffen wuri, rufin kuma ya kai mita 2, a ƙasa mai zafi mita 2 da santimita 60. Tantin iyali na HCR murabba'in mita 16 ne a tsakiya, 23 in an haɗa da barandarsa biyu, an yi shi don mutum biyar. Ku kwatanta da kwalin kasuwa da ke ba mutum mita ɗaya da ƴan kai. Wannan lissafin ya fi tausayi nesa ba kusa ba, don an san zama za a yi. Amma shi ma kawuna yake ƙirgawa. Mu da kuɗinmu a hannu, don kwana uku kacal, mun ɓata wata biyu muna kare kunyar yarinya ɗaya. Wadda ta gudo da dare da goyo a baya, ta wayi gari a rumfa ɗaya da surukinta ko da ƴaƴanta maza da suka balaga, wata da watanni, ita wa ya tambaye ta? Gwaggo ta ce abin da ta fi gani a wuraren nan shi ne zana da tsumma da buhu, an kakkafa ciki da waje ana yanka wuri. Mutum ko ya rasa komai, in ya samu inda zai sa kai, abu na gaba da zai nema shi ne inda ido ba zai kai gare shi ba.

"To ku ji sharaɗina," in ji Gwaggo. "Wanga abu ba na ajiya ba na. Kwana ukku cikin shekara munka buƙace shi. Sauran kwanakkin, duk wanda ɗakinai ya hwaɗi, cikin dangi ko maƙwabta, a kai mai. In ya tsage, ya tsage wurin aiki."

Yaya ya ce rana na cin yadin, in aka bar shi kafe wata biyu ba zai kai shekara uku ba. Gaskiya ne kuwa. Baba ya ce a riƙa yi masa inuwa da zana, in ya mutu a sake karo-karo. Kaka ta ce jikarta biyar na ciki, kuma ta yarda. A yanzu da nake rubutun nan yana Agye, a tsakar gidan wata maƙwabciyar Kawu da bangon ɗakinta ya zauna, ita da ɗiyanta mata huɗu, kafin a gama buga tubali.

In an miƙa muku kwali a gida an ce ku karanta, ku karanta, aikinmu ne. Amma bayan kun faɗi lambar, ku nemi kara ku fita tsakar gida ku zana, a kwanta a gani. Sannan ku zagaya wurin wanda ya fi kowa shiru a gidan, amarya ce ko tsohuwa ko ƙanwar da ta fara girma, ku ji ta bakinta a keɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wani mai ɗakin ba zai faɗa a gaban mutane ba.